Ƙin Ramuwa da Yafe wa Maƙiyi: Tafiyar Wata Koyarwar Kirista daga Kartaj zuwa Garkida

Hausawa su kan ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma da wuya a sami al'ummar da ba ta da irin wannan magana a bakinta. Saboda haka abin lura ne ƙwarai a ce addinin da ya fi kowane yawan mabiya a duniya yana ɗauke, a tsakiyar littafinsa, da umurnin da ya hana mabiyinsa ramuwa, har ya ɗora masa ƙaunar wanda ya cuce shi. Ba a taɓa goge wannan umurni daga littafin ba, amma kuma ba a daɗe ana aiki da shi bisa zahirinsa ba, sai a cikin waɗansu ƙananan jama'u da ba su da sarauta, ba su da soja. Ɗaya daga cikinsu ta yi sheƙa a arewa maso gabashin Nijeriya, tana kuwa amsa suna na Hausa, watau Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun koyarwar tun daga tushenta har zuwa inda aka gwada ta da wuta a ƙasashen Borno da Adamawa.

Tushen maganar yana cikin Linjilar Matiyu, sura ta 5, a doguwar huɗubar da a ke kira Huɗubar kan Dutse. A can aka ruwaito cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa ɗan Maryamu, ya ambaci dokar ƙisasi ta Attaura, sa'an nan ya hana almajiransa neman ta wa kansu. Ya kawo misalin wanda aka mara a kuncin dama, da wanda aka kai ƙara don a ƙwace masa riga, da wanda aka tilasta wa ɗaukar kaya tafiyar mil guda, kamar yadda sojan Rum ke yi wa talakawan Falasɗinu a zamanin. A kowane misali abin da aka nema shi ne mutum ya ƙara a kan abin da aka ƙwata, ya miƙa ɗaya kuncin, ya haɗa da mayafi, ya cika mil na biyu. Sauran littafin ya bi wannan hanya. Bisa ga riwayar Kirista, Almasihu ya hana Bitrus zare takobi daren da aka kama shi, ya kuma roƙa wa masu gicciye shi gafara. Istifanus, shahidinsu na fari, ya yi wa masu jifansa irin wannan addu'a. Bulus kuwa, a sura ta 12 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya ce a bar wa Allah sakayya, a ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa.

Akwai kalmomi biyu na Helenanci da suka cancanci a dakata a kansu, don gardamar ƙarnuka ta rataya a wuyansu. Ta fari ita ce wadda a kan juya da "tsayayya" a inda aka hana tsayayya da mugu. A tsohon Helenanci an sha amfani da ita ga rundunar da ta ja dāga gaban abokan gaba, shi ya sa waɗansu malamai na ƙarni na ashirin, musamman Walter Wink na Amurka, suka ce abin da aka hana shi ne tsayayya da makami, ba a ce mutum ya kwanta a taka shi ba. Sun ƙara da cewa marin kuncin dama da bayan hannu a ke yinsa, irin na ubangida ga bawa, don haka miƙa kuncin hagu ƙin karɓar wulakanci ne. Fassara ce mai ma'ana, ko da ya ke tana da ƙanshin neman sauƙaƙa abin da aka faɗa da nauyi. Kalma ta biyu ita ce ta yafewa, wadda asalinta sakin abu ne, ko soke bashi. A addu'ar da Almasihu ya koya wa almajiransa, a riwayar Matiyu, da sunan bashi aka kira laifi. A sura ta 18 kuma aka ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti dubu goma, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari.

A nan Hausa ta yi dace, gama "yafe" tana aiki ga bashi da laifi duka biyu. Tana kuma taimakon mai nazari ya raba abubuwan da a kan cuɗa. "Gafara" daga Larabci ta ke, tushenta rufewa, kuma a bakin Bahaushe ta fi karkata wajen Allah. "Haƙuri" kuwa a kan ba da shi ga wanda aka zalunta, sau da yawa don ba shi da ƙarfin yin kome; talaka ya kan haƙura dole. Amma yafewa sai mai hakki, ba a yafe abin da ba a mallaka ba, kuma wanda ya ce ya yafe ya riga ya tabbatar cewa an cuce shi. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa shari'ar Musulunci ta ajiye wa waliyyin jini zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, ta kuma yabi afuwa. Bambancin shi ne Huɗubar kan Dutse ba ta bar wa almajiri zaɓin ba. Tambayar da ta bari a buɗe ita ce ta hukuma, domin Bulus ɗin nan da ya hana ramuwa a sura ta 12, shi ne a sura ta 13 ya ce mai mulki ba a banza ya ke riƙe da takobi ba. Tarihin da ke tafe duka kai-kawo ne tsakanin surorin nan biyu.

A ƙarnuka uku na fari Kirista ba su da mulki, kuma muryoyin da suka fi ƙarfi a kan wannan batu daga arewacin Afirka suka fito. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 211 yana kāre wani soja Kirista da ya ƙi ɗaura kambin ganye a ranar rabon kyautar sarki, ra'ayinsa kuwa shi ne tun da aka karɓe takobin Bitrus ba sauran Kiristan da ya halatta ya ɗaura ɗamarar yaƙi. Wani masani bamaguje mai suna Kelsus ya riga ya yi ƙorafi cewa in kowa ya yi kamar Kirista, za a bar sarki shi kaɗai, baƙin haure su cinye daula. Orijin na Iskandariya ya amsa masa wajen 248, bai kuwa musa zargin ba. Cewa ya yi Kirista suna taimakon sarki da addu'a, wadda ta fi mashi amfani.

Labarin da ya fi fitowa fili shi ne na Maksimiliyan, saurayi ɗan shekara 21, wanda aka kawo gaban gwamna Diyon a garin Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, ran 12 ga Maris 295, don a auna tsawonsa a sa shi soja. Ya ƙi, ya ce shi Kirista ne. Gwamna ya tuna masa cewa akwai Kirista har cikin dogaran sarakuna, saurayin ya amsa cewa su suka san abin da ya dace da su, shi dai ba zai iya ba. Aka yanke masa hukuncin kisa, shi kuwa ya roƙi mahaifinsa ya ba hauni sabuwar rigar da aka ɗinka masa don shiga soja. Maganar gwamnan gaskiya ce, kuma tana da amfani ga mai tarihi: tun wajen 170 akwai Kirista a rundunonin Rum, ƙin da malamai ke yi kuma ya haɗa da ƙyamar yanka wa gumaka da rantsuwa da sunan sarki, ba zub da jini kaɗai ba. Duk da haka ba a san wani babban malamin ikilisiya na wannan zamani da ya rubuta yana halatta wa Kirista kisa a yaƙi ba.

Al'amari ya juya sa'ad da Kustantin ya ci yaƙi a ƙofar Rum cikin 312 da alamar Almasihu a garkuwoyin sojansa, aka ba Kirista 'yancin addini a 313, kafin ƙarnin ya ƙare kuma addininsu ya zama na daula. Wanda jiya a ke kai shi gaban alƙali, yau shi ne alƙali. Agustin, bishop na Hippo, garin da a ke kira Annaba yanzu, shi ya shimfiɗa amsar da mafi yawan Kirista suka bi daga baya. Ya ce umurnan Huɗubar kan Dutse sun shafi halin zuciya. Mutum ba ya kashe wani don kāre kansa, amma mai mulki da sojansa suna iya ɗaukar makami don tsare raunana, muddin ba ƙiyayya ke tura su ba. Wajen 418 ya rubuta wa wani sarkin yaƙi, Bonifas, cewa soja ma yana iya samun yardar Allah, in dai zaman lafiya ya ke nema da yaƙinsa. Ba daidai ba ne a ɗauki Agustin mai son jini. Wajen 412, sa'ad da 'yan wata ɗariƙa suka kashe wani limaminsa suka nakasa wani, ya rubuta wa alƙali Marsilinus yana roƙo kada a kashe su, kada a yanke musu gaɓa, a tsare su dai su daina ɓarna. Amma ƙofar da ya buɗe da taka-tsantsan waɗansu suka shige ta da dawakai. A 1095 Paparoma Urban na biyu ya yi kiran yaƙin ƙwato Ƙudus, a 1099 aka yi wa mazauna birnin, Musulmi da Yahudawa, kisan da har marubutan Nasara suka ba da labarinsa. Ƙin ɗaukar makami ya koma aikin sufaye da limamai, sauran jama'a aka sauke musu.

A ƙarni na goma sha shida an sami jama'a ta talakawa, masu mata da 'ya'ya da sana'a, da suka ce umurnin na kowa ne. A Zurik ta ƙasar Suwizalan, cikin Janairu 1525, waɗansu almajirai suka yi wa juna baftisma suna manya, don sun ce bangaskiya ba a gādonta; daga nan abokan gabansu suka laƙaba musu Masu Sake Baftisma. A Fabrairu 1527 suka taru a ƙauyen Schleitheim suka amince da ƙa'idodi bakwai, waɗanda wani tsohon sufi, Michael Sattler, ya tsara. Ta shida ta yarda cewa Allah ne ya kafa takobin hukuma don hukunta miyagu, amma ta ce wannan a wajen kamalar Almasihu ya ke, don haka almajiri ba ya riƙe shi, ba ya zama alƙali, horonsa mafi tsanani shi ne ware mai laifi daga jama'a. Watau sun raba surorin Bulus biyu: ta 13 ta duniya, ta 12 tasu.

Bayan wata uku aka gurfanar da Sattler a garin Rottenburg na Jamus. Cikin laifuffukan da aka tuhume shi da su har da cewa ya ce in Turkawa suka zo kada a yi tsayayya da su. Sai an tuna cewa a 1526 rundunar Sarkin Musulmi Sulaimanu ta Daular Usmaniyya ta murƙushe Hangari a Mohacs, ba da daɗewa ba kuma, a 1529, ta kewaye Biyana, sa'an nan a gane nauyin wannan magana a kunnen alƙalan. Sattler bai janye ba, har ya ƙara da cewa da yaƙi halal ne, da ya gwammace ya yaƙi masu sunan Kirista da ke kashe bayin Allah, don Baturke bai taɓa da'awar bin Almasihu ba. Aka yanke masa harshe, aka tsattsage jikinsa da awartaki mai zafi, aka ƙone shi cikin Mayu 1527. Bayan 'yan kwanaki aka nutsar da matarsa a kogin Neckar. A 1529 majalisar daula ta zartar da hukuncin kisa a kan duk mai sake baftisma, Katolika da Furotesta kuwa, da ba su jituwa a kan kome, suka jitu a kan wannan.

Ba dukansu ne suka ƙi makami ba. A 1534 wani ɓangarensu ya ƙwace birnin Munsta ya kafa mulkin takobi da sunan sabuwar Urushalima, aka ci birnin a 1535, kejin ƙarfen da aka rataye gawar shugabanninsu kuwa suna nan a hasumiyar majami'ar birnin har wa yau. Wannan abin kunya ne ya sa waɗanda suka ragu, ƙarƙashin Menno Simons na Holan, suka ƙara ƙanƙame ƙin ramuwa. A cikinsu aka sami Dirk Willems na garin Asperen. Cikin hunturun 1569 ya tsere daga kurkuku, ya bi ta kan tafkin da ya daskare, ya haye don yunwar kurkuku ta rage masa nauyi, amma ɗan dokan da ke binsa ya burma cikin ruwan ƙanƙara. Da Dirk ya ji kururuwarsa sai ya juyo ya tsamo shi. Mutumin ya so ya sake shi, magajin gari ya tuna masa rantsuwar aikinsa, aka kama Dirk, aka ƙone shi ran 16 ga Mayu 1569. Abin lura a labarin shi ne ba shi da lokacin tunani. Mai nutsewa cikin ƙanƙara ba ya jiran a buɗe littafi. Abin da mutum ya yi a irin wannan ƙiftawar ido, tarbiyyar shekaru ce ta yi shi.

Wannan batu na tarbiyya shi ya kawo zance kan 'Yan'uwa. A 1708, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, mutum takwas, maza biyar da mata uku, suka yi baftisma a kogin Eder, jagoransu kuwa wani mai injin niƙa ne, Alexander Mack. Sun ɗauki ƙin makami da ƙin rantsuwa daga mabiyan Menno, suka ce ba su da wata aƙida rubutacciya sai Sabon Alkawari. Tsanani ya sa suka ƙaura zuwa Fensilbaniya ta Amurka, kashi na fari a 1719, Mack da sauran a 1729. Abin da ya bambanta su shi ne yadda suka mai da yafewa al'adar yau da kullum. Sun riƙe matakan sulhu na Matiyu 18: wanda aka ɓata wa ya fara zuwa wurin ɗan'uwansa su biyu, in bai ji ba ya koma da shaida ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai gaban jama'a, kai ɗan'uwa kotu kuwa abin horo ne. Kafin babban jibinsu na ƙauna, inda su ke wanke wa juna ƙafa su ci daga akushi ɗaya, dattawa su kan zaga gida gida suna tambayar kowa ko yana zaman lafiya da jama'a. Mai riƙe da wani a zuci sai ya warware kafin ya zauna a teburin. Wanda ya saba yafe rikicin iyakar gona da bashin hatsi shekara da shekaru, shi a ke sa ran zai iya yafe abin da ya fi haka.

Sun biya kuɗin wannan aƙida. A yaƙin neman 'yancin Amurka aka ƙwace maɗaba'a da dukiyar dattijonsu Christopher Sauer ƙarami a 1778, don ya ƙi rantsuwar mubaya'a. A yaƙin basasa, dattijo John Kline na Bajiniya, wanda ya riƙa ƙetare dāga don ya haɗa 'yan'uwan kudu da na arewa, an yi masa kwanton ɓauna an harbe shi kusa da gidansa a 1864. Amma wadata da cuɗanya sun yi abin da tsanani ya kāsa: a Yaƙin Duniya na Biyu mafi yawan samarinsu da aka kira sun shiga soja, ko da ya ke babban taronsu bai fasa cewa yaƙi zunubi ne ba.

Daga wannan jama'a ne Stover Kulp da Albert Helser suka taso zuwa Nijeriya. Da ya ke hukumar Turawa ba ta sakin mishan su shiga manyan garuruwan sarakunan Musulmi, sai suka sauka a Garkida, bakin kogin Hawul, cikin Burawa, suka yi sujadarsu ta fari a gindin wata tsamiya ran 17 ga Maris 1923. Matar Kulp ta rasu a can a 1924, aka sa wa asibitin Garkida sunanta. Aiki ya bazu zuwa Lassa cikin Margi, da Cibok, da ƙasar Michika da Mubi, da makarantu da asibitoci da gidan kutare. Da ya ke kowace ƙabila da harshenta, Hausa ce ta zama harshen taro da na Littafi, musamman bayan fitowar cikakken juyin Littafi Mai Tsarki a 1932; shi ya sa ikilisiyar da mafi yawan 'ya'yanta ba Hausawa ba ne ta ke da sunan Hausa. Ta sami cin gashin kanta a 1972, hedkwatarta kuwa tana Kwarhi, kusa da Mubi. A lura cewa masu ƙin makamin nan sun yi aikinsu na fari a inuwar bindigar Ingilishi, wadda ta riga ta kwantar da ƙasar. Saboda haka shekara da shekaru koyarwar ba ta gamu da jarrabawa mai tsanani ba, an fi saninta a wanke ƙafa da sasanta 'yan'uwa.

Jarrabawar ta zo a hankali. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna a 2000, da na Jos a 2001, sun ci rayukan Musulmi da Kirista, kowane ɓangare kuwa ya kashe, an kuma kashe masa. A wannan zamani ne wata magana ta yaɗu cikin Kiristan arewa, cewa an mari kunci na fari, an mari na biyu, ba su da na uku. Magana ce mai kama hankali, amma ta mai da umurnin lissafi, alhali kuwa an ruwaito cewa da Bitrus ya tambaya ko yafewa sau bakwai ta isa, an ba shi adadin da ke nufin a daina ƙirga. A 2009 tashin Boko Haram ya fara a Maiduguri, ƙasar da ya fi ci kuwa ita ce ainihin gidan 'Yan'uwa: Gwoza, Cibok, Askira, Michika, Madagali, Mubi. Cikin 'yan mata 276 da aka sace a makarantar Cibok daren 14 ga Afrilu 2014, mafi yawa 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A ƙarshen Oktoba 2014 aka ci Kwarhi da Mubi, shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Jos. Bisa ga lissafin da shugaban ikilisiyar na lokacin, Samuel Dali, ya bayar a 2015, an kashe musu fiye da mutum 8,000, wajen 700,000 kuma sun bar gidajensu. Musulmin yankin ba su tsira ba: an kashe Sarkin Gwoza Idrisa Timta a Mayu 2014, a Nuwamba kuma aka kai hari babban masallacin Kano ana sallar Juma'a.

Abin da tarihi zai rubuta shi ne ikilisiyar, a matsayinta na jama'a, ba ta kafa runduna ba, ba ta yi kiran a rama a kan maƙwabta Musulmi ba. Kiran shugabanninta azumi ne da addu'a, har da addu'a domin masu kisan. Ƙungiyar sulhu ta Kirista da Musulmi da a ke kira CAMPI, wadda aka kafa a Mubi tun kafin garin ya fāɗi, ta ci gaba da aiki bayan an dawo. A Gurku ta Jihar Nasarawa wani ma'aikacin ikilisiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsuguni inda 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista ke zaune unguwa ɗaya da gangan. Rebecca Dali ta ɗauki aikin da ya fi kowane ɗaci, watau mai da matan da suka kuɓuta daga daji cikin danginsu, waɗansu da goyon 'ya'yan mayaƙa, a garuruwan da ke ƙyamarsu. A 2017 aka ba ta lambar girma ta Sergio Vieira de Mello saboda wannan. A Mayu 2016 kuma Mabiya Menno na Jamus suka ba ikilisiyar da CAMPI kyautar zaman lafiya mai sunan Michael Sattler, wani fasto da wani malami Musulmi suka je tare suka karɓa a Rottenburg, garin da aka ƙone mutumin da ya ce kada a yaƙi Turkawa.

Amma kada a ɗauka tsohuwar gardama ta mutu. Shugabannin da suka hana ramuwa su ne kuma suka yi ta kuka ga gwamnati ta aiko da soja, kuma da ƙarfin soja da 'yan banga da maharba aka ƙwato Mubi har mutane suka koma gonakinsu. Wannan shi ne matsayin Schleitheim sak, takobi na hukuma ne, almajiri ba ya riƙe shi. Sukar da Kelsus ya yi tun ƙarni na biyu kuwa tana nan a kansa, cewa mai ƙin makami yana barci ne a bayan mai makami. Agustin zai ce ƙaunar maƙwabci ta wajabta tsare yarinyar da za a sace, ba kuwa amsa ce da za a yi wa dariya a Cibok ba. Sa'an nan tun 2016 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin karɓar tubabbun mayaƙa, tana horar da su a sansanin Malam Sidi na Jihar Gombe kafin ta mai da su cikin jama'a. Nan ne bambancin da Hausa ta yi ya ke da amfani. Gwamnati tana iya yin afuwa ga laifin da aka yi wa doka, tana iya ba mutane haƙuri, amma ba ta da ikon yafe jinin mijin wata, don ba ita ke bin bashin ba. Gwauruwar da aka ce ta zauna kasuwa ɗaya da wanda ya ƙone gidanta, ba tare da ya amsa laifinsa a gabanta ba, an tsallake mata matakin fari na Matiyu 18.

Kisan ma bai tsaya ba. A farkon Janairu 2020 aka kama Lawan Andimi, faston 'Yan'uwa kuma shugaban ƙungiyar Kirista ta Michika; a hoton bidiyon da masu tsare shi suka fitar ya yi magana a natse, bai zagi kowa ba, ya ce al'amarinsa yana hannun Allah, kafin watan ya ƙare kuma aka kashe shi. Ran 21 ga Fabrairu na shekarar mayaƙa suka shiga Garkida kanta suka ƙone majami'u, har da ta 'Yan'uwa. Cikin Maris 2023 ikilisiyar ta yi bukin cika shekara ɗari da sujadar gindin tsamiya, a lokacin kuwa akwai 'yan matan Cibok da dama da ba su dawo gida ba.